Hukuncin dillancin ƙahon karkanda

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni dillali ne a Garwa. Wani ya ce in nemo masa mai sayen ƙahon karkanda da aka shigo da shi daga gabashin Afirka, kuma la'adar za ta biya bashin da ya dame ni. Ba ni na kashe ta ba. Ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya yaye maka bashin, amma wannan la'ada haram ce.

Ka ce ba kai ka kashe ta ba. Malam, maharbin ba nama ya fita nema ba. Harbi yake yi, ya sare ƙahon da gatari har cikin ƙashin fuska, wani lokaci dabbar na numfashi, ya bar gawar ta ruɓe. Kuɗin mai saye ne ya tura shi daji, kai kuma kake haɗa su. Ƙahon da aka ciro haka na mushe ne, kuma a mazhabar Malikiyya ba a sayar da shi.

Akwai masu cewa naman daji halal ne ga duk wanda ya riga kamawa, dokar gwamnati ba ta haramta abin da Allah ya halatta. Wannan magana ba ta tsaya ba. An halatta farauta don a ci, kuma an yi kashedi kan kashe ko da tsuntsu ba da hakki ba. Shugaba yana da ikon taƙaita halal saboda maslaha, kamar yadda Sayyidina Umar ya keɓe makiyayar Rabaza, wani wuri a yankin Madina, ya taƙaita kiwo a cikinta. Cinikin ƙahon tsakanin ƙasashe an hana shi tun 1977 a yarjejeniyar CITES, wadda ke kula da cinikin namun daji da tsirrai masu fuskantar ƙarewa. Ko babu dokar ma, ƙarar da iri ɓarna ce da aya ta 205 a Suratul Baƙara ta zarga. Karkanda kan yi kusan wata 16 da ciki, ta haifi ɗa ɗaya tak, sai bayan shekara biyu zuwa uku ta sake. Kisa ya fi haihuwa sauri. Baƙar karkanda ta yamma, wadda ta rage a dazukan arewacin Kamaru kusa da kai, an neme ta a 2006 ba a samu ko ɗaya ba, aka ayyana ƙarewarta a 2011. Farar karkanda ta arewa saura mata biyu, Najin da 'yarta Fatu, a gandun Ol Pejeta na Kenya. Namijin ƙarshe, Sudan, ya mutu a 2018. Da wane hakki mutum ɗaya zai cinye rabon dukan masu zuwa?

Maganin da ake jingina wa ƙahon kuwa, sinadarinsa ɗaya da na farce da gashi, ba ya warkar da ciwon daji. Sau da yawa ma ƙahon saniya ake gogewa a sayar da sunansa, ga yaudara a kan haram.

Kada ka karɓi kafin alƙalami, kada ka ajiye kayan a shagonka ko na dare ɗaya, domin wanda aka kama da kaya shi ake ɗaurewa. Ka je wajen masu binka, ka nemi a raba maka biyan kashi-kashi, a rubuta da shaidu. In bashin ya fi ƙarfinka, kana cikin waɗanda zakka ta halatta musu, kada kunya ta hana ka faɗa.

Allah ne mafi sani.