Tambaya da Amsa: Daular Qin ta Ƙasar Sin

Tambaya: Malam, me ya sa ake yawan ambaton daular Qin, alhali na ji ba ta daɗe ba? Daga wani mai karatu a Katsina.

Amsa: Gaskiyarka, malam, domin shekara 15 kacal ta yi, daga 221 zuwa 206 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Sai dai sarkinta na farko, Qin Shi Huang, shi ne ya ci masarautu shida da yaƙi, ya haɗa su ƙarƙashin tuta ɗaya, sannan ya daidaita rubutu da kuɗi da ma'auni, har ma faɗin tsakanin ƙafafun amalanke, don su bi hanya ɗaya ba tare da tangarɗa ba. A ganina, daidaita rubutun nan ya fi ganuwar da ya sa aka gina a arewa muhimmanci.

Amma mulkinsa na danniya ne, ga haraji ga aikin tilas, shi ya sa bayan rasuwarsa a 210 tawaye ya ɓarke, daular Han ta gaji ta Qin. A 1974 manoma masu haƙa rijiya kusa da birnin Xi'an suka tono mutum-mutumin sojoji na yumɓu, waɗanda aka binne dubbansu kusa da kabarinsa.