Eriyar jin maganar matuƙan jirgi daga ƙauye

Malam, ka tambaya wace eriya za ka kafa a ƙauyenku kusa da Dutse don jin matuƙan jirgin sama. Kada ka ɓarnatar da kuɗinka kan eriyar talabijin mai haƙarƙari. Gefe guda take fuskanta, jirgi kuwa ta ko'ina yake ɓullowa.

Zangon rediyon matuƙan 118 zuwa 137 MHz ne, a AM. Sandar jan ƙarfe mai kamar santimita 57, tsaye cak, da ƙafafu huɗu a gindinta sun karkata ƙasa, ta wadatar. Ni tsayi na fi damuwa da shi: ɗaga ta ta haura kwanon ɗaki da darbejiyar ƙofar gida. Wayar da za ta haɗa eriyar da rediyonka kuma mai ma'aunin om 50, gajera, don irin wayar nan da ake kira RG-58 in ta yi tsawo cinye sigina take yi.

Don Allah, da hadari ya taso zare wayar daga rediyon saboda aradu.