Tambaya da Amsa: Kwaɗon da ke gefen adireshin shafi

TAMBAYA: Assalamu alaikum. An turo sanarwa a zauren WhatsApp na unguwarmu cewa wata hukumar gwamnati tana ɗaukar ma'aikata, har da adireshin da za a cike fom. Fom ɗin yana neman NIN da BVN da kuɗin rajista. Ƙanena ya ce in duba gefen adireshin, in akwai hoton kwaɗon kulle ƙofa to shafin na gaskiya ne. Na duba a wayata ban ga kwaɗo ba, sai wasu 'yan layuka biyu masu ɗigo. Yaya ake duba takardar shaidar shafi, kuma in na gan ta, na iya sakin jiki? Daga wata mai karatu a Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kafin komai, ki dakata da fom ɗin nan, kada ki sa BVN ɗinki.

Wayarki lafiyarta ƙalau. Tun watan Satumba na 2023 kamfanin Google ya cire kwaɗon daga Chrome, manhajarsa ta buɗe shafukan intanet, ya sa layukan nan biyu a madadinsa. Dalilin cirewar shi ne irin fahimtar da ƙanenki ya yi: binciken da kamfanin ya gudanar a 2021 ya nuna kashi 11 cikin ɗari kacal na waɗanda aka tambaya suka san ainihin abin da kwaɗon yake nufi. Da yawa sun ɗauka alama ce ta amana.

Ga yadda za ki duba. Ki taɓa layukan biyu, za ki ga an rubuta "Connection is secure". Ki taɓa wannan, sai ki shiga "Certificate information", wato bayanin takardar shaidar shafin. A kwamfuta ma hanyar kusan ɗaya ce. Takardar za ta buɗe da bayanai da yawa, amma wurare uku suka shafe ki: "Issued To", wato sunan shafin da aka ba takardar, "Issued By", kamfanin da ya bayar, da "Validity Period", ranar da ta fara aiki da ranar da za ta ƙare.

To me takardar take shaidawa? Cewa duk abin da kika rubuta zai tafi a kulle daga wayarki zuwa shafin, ba mai iya karanta shi a hanya, ko da mai Wi-Fi ɗin da kika hau ne. Sannan cewa shafin da ya amsa miki shi ne mai wannan sunan da ke sama. Iyakarta ke nan. Kamar wasiƙa ce da aka liƙe bakin ambulan ɗinta da kyau: za ta isa ba wanda ya leƙa, amma in adireshin ɓarawo aka rubuta a bayanta, hannun ɓarawon za ta faɗa a liƙe.

Abin da ya fi damuna a wannan lamari shi ne mutane ba su san yadda samun takardar ya yi sauƙi ba. Akwai wata cibiya a Amurka mai suna Let's Encrypt da take ba da ita kyauta tun wajen 2015, kwamfuta ce ke bayarwa cikin 'yan daƙiƙu, kuma abin da take tantancewa kawai shi ne kana da iko da sunan shafin. Ba ta tambayar ko kai wane ne. Ni ina ganin aikin alheri ne, domin shi ya ba ƙananan makarantu da 'yan kasuwa damar kulle shafukansu ba tare da sun biya dala ba. Sai dai ɗan damfara ma yana karɓa kamar kowa. Don haka ganin sunan Let's Encrypt a takarda ba laifi ba ne, ba kuma wanke shafin ya yi ba. Wasu bankuna da manyan kamfanoni kan sayi takarda mai tsananin bincike, wadda za ki ga sunan kamfanin a layin "Organization". In kin ga wannan ya dace da sunan da kika sani, hujja ce mai ƙarfi.

A lamarinki, abin da zai raba gardama shi ne sunan shafin. Yawancin shafukan gwamnatin Nijeriya da gov.ng suke ƙarewa, kamar jamb.gov.ng, kuma ba kowa ake ba wannan ba. Ki karanta adireshin daga dama, daga inda ya tsaya kafin alamar / ta farko. In kin ga jamb.gov.ng.wanisuna.com, to mai "wanisuna.com" ne ya mallaki shafin, sunan hukumar ado kawai aka yi da shi a gaba. Ki kuma lura da harafin da aka musanya, kamar sifili a gurbin o. Neman kuɗin rajista da BVN tare a fom ɗin neman aiki shi kaɗai ya isa ya sa ki ja baya. Ki rubuta adireshin hukumar da hannunki, ki gani ko sanarwar tana can. In babu, ki gaya wa 'yan zauren naku tun kafin wani ya tura kuɗi.

TAMBAYA: Malam, tun da na gyara wayata, duk shafin da na buɗe sai ya nuna "Your connection is not private" da jan rubutu. An yi mini kutse ne? Daga wani ɗalibi a Maraɗi.

AMSA: Ɗan'uwa, tunda duk shafuka ne, na fi zargin agogon wayarka. Wayar tana gwada ranakun takardar da kwanan watan da ke cikinta, in an cire batir wurin gyara kwanan watan ya koma baya, sai ta ga kamar duk takardun duniya ba su fara aiki ba. Ka shiga saitin waya, ka gyara rana da lokaci, ka bar su suna daidaita kansu.

In kuwa shafi ɗaya ne tak yake nuna gargaɗin, galibi masu shi ne suka bar takardarsu ta ƙare ba su sabunta ba. Wani lokaci kuma Wi-Fi na otal ko na makaranta ne yake tare hanya har sai ka yi rajista. Akwai maɓallin "Advanced" da ke ba ka damar wucewa duk da gargaɗin. In labari kawai za ka karanta, da sauƙi. In shafin banki ne, ko imel, ko duk inda za ka sa lambar sirri, kada ka wuce. Ka kashe Wi-Fi ɗin ka gwada da datar layinka, in gargaɗin bai tafi ba ka kira bankin ta lambar da ke bayan katinka.