Amsa ga ƙanwarmu da ke Indiya kan katunan duba na Tantra

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin ce abokiyar ɗakinki tana da wasu katuna masu hotunan allolinsu mata, ta ce miki tsohon ilimin Tantra ne, wai ba duba ba ne, madubi ne kawai da mutum ke leƙa zuciyarsa. Ta sa kin zari ɗaya, abin da ya fito ya zo daidai da halin da kike ciki, tun daga nan hankalinki ya ƙi kwanciya. Na ga 'yan'uwa sun riga sun ce miki haramun ne, kuma ban saɓa musu ba. Sai dai wanda ya ga abu da idonsa, kalma ɗaya ba ta cika isar sa ba. Shi ya sa zan ɗan ja zancen, don ni ma na taɓa zama a gaban jan ƙyallen da ake baje irin waɗannan katunan a kai.

Shekara huɗu na yi a Pune ina karatun haɗa magunguna. A shekara ta biyu na zauna da wata yarinya 'yar Kolkata, mai kirki ƙwarai, ko zazzaɓi na yi ita ke dafa mini shayi da citta. Nata katunan 44 ne, a kwali mai bakin zinare, da ɗan littafin fassara cikin Turanci. Wani dare ta tarar da ni na yi tagumi, saboda wanda ke nemana a gida ya yi kusan mako uku bai kira ba. Ta shimfiɗa jan ƙyalle a kan gado, ta kunna turaren tsinke, ta cakuɗa katunan ta baje su kamar mafici, ta ce in zari ɗaya da hannun hagu. Da na juya shi sai ga wata tsohuwa ramammiya, gashi a barbaje, farin zane duk ya yi dauɗa, tana riƙe da faifai, ga hankaka a gefenta. Ta ce sunanta Dhumavati, wadda mijinta ya mutu. Ta buɗe littafin ta karanto: rashi, kaɗaici, sakin abin da ya riga ya tafi. Wallahi ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. To kin ga na san abin da kike ji.

Dhumavati ɗin ɗaya ce daga cikin goma da suke kira Mahavidya. Akwai Kali da kowa ya sani, akwai Tara, akwai Kamala ta arziki, akwai Bagalamukhi mai rawayen kaya da ake zana ta ta kamo harshen abokin gaba, akwai Chhinnamasta da ke riƙe da kanta da ta sare da hannunta, jini na tsartuwa gida uku. Waɗannan ba ƙirƙirar mai buga kati ba ce, ababen bauta ne na gaske a wurin mutanensu. A wurin bautar Kamakhya da ke kan tsaunin Nilachal a Guwahati, jihar Asam, ana bauta musu su goman. Tantra kuwa tsohon abu ne, littattafansa sun haura shekara dubu, akwai shi a wurin mabiya Hindu da mabiya Buddha. Amma ginshiƙinsa malami ne da almajiri. Sai malami ya shigar da mutum ta hanyar abin da suke kira diksha, ya ba shi kalmomin da zai riƙa maimaitawa, ya kwashe shekaru a kai. Babu kwalin da ake saye a kanti a ciki.

Ba littafi ne ya fara nuna mini haka ba, kakar yarinyar ce. Ta zo mana ziyara, ta shigo ɗaki ta tarar da katunan a warwatse a kan gado, ɗaya ma ya faɗo kusa da takalma. Tsohuwar nan ta riƙe baki, ta hau jikarta da faɗa da yarensu har muryarta na rawa. Bayan ta lafa aka fassara mini: wai hoton Chhinnamasta ko a ɗakin bautar gida ba kowa ke ajiye shi ba, balle a riƙa cakuɗa shi kamar karta ana tambayar sa zancen samari. A daren na ɗauki kwalin na juya bayansa. Kamfanin Amurka ne ya wallafa, a ƙasar Sin aka buga.

Daga nan na bi diddigi. Katin tarot, wanda shi ne uban duk waɗannan, a arewacin Italiya ya ɓulla wajen 1440, kuma karta ce ta masu sarauta, wasa ake yi da ita. Sai a 1781 wani Bafaranshe, Court de Gébelin, ya fito ya ce asirin tsohuwar Masar ne a ɓoye a ciki, alhali a lokacin ba a ma warware rubutun Fir'aunoni ba, sai 1822. Daga nan duba da shi ya bazu. Shi tarot ƙa'idarsa kati 78 ne. Irin wanda ke hannun ƙawarki kuwa, da suke kira orakul, ba shi da ƙa'ida ko ɗaya: mai zane ya zaɓi adadin da ya ga dama, ya rubuta fassarar da ta yi masa. Yau a yi na mala'iku, gobe na dabbobi, jibi na allolin Indiya. Shi kuma Tantra ya shiga Turai ne ta hannun irin su John Woodroffe, alƙalin Ingila a babbar kotun Kalkata (Kolkata ta yanzu), wanda littafinsa na 1919 ya yaɗa zancen cibiyoyin jiki da ake kira chakra. Sai Rajneesh, wani malamin ruhaniya ɗan Indiya, da ya kafa zangonsa a unguwar Koregaon Park ta Pune a 1974, Turawa suka yi ta tururuwa. A kantunan wannan unguwar ƙawata ta sayi nata. Wato kayan Turawa ne aka sa wa sari aka dawo da shi gida.

Kada in yi rashin adalci, Indiyawa suna da nasu duban na kati. Da na raka gwaggona asibiti a Chennai na ga wani mutum zaune a bakin hanya da keji, ya jera katuna a gabansa. In an biya sai ya buɗe wa ɗan koren aku, irin wanda muke kira tsirya, ya fito yana ture katunan da baki ɗaya bayan ɗaya har ya tsaya a kan guda, a ba shi ƙwayar shinkafa ya koma. Shi dai wannan bai ɓoye sunan sana'arsa ba, kuma bai ce Tantra yake yi ba.

Sauran tambayarki, me ya sa ya yi daidai? A 1948 wani malamin halayyar ɗan Adam a Amurka, Bertram Forer, ya ba ɗalibansa 39 takarda, ya ce kowa bayanin halinsa ne shi kaɗai. Suka auna dacewarta, matsakaicin makin ya kai kusan 4.3 cikin 5. Ashe takarda iri ɗaya ya raba wa kowa, ya tsinto jimlolin daga littafin taurari na bakin titi. Ki koma ki karanta littafin ƙawarki da wannan idon. Wace ɗaliba ce a ƙasar wani, nesa da uwarta, za a ce mata "kaɗaici" ta ce ba da ita ake ba? Na ga Dhumavati ɗin nan ta fito wa wata 'yar ajinmu da ke fargabar jarrabawa, aka fassara mata da cewa ta saki tsoro. Ni kuwa ta fito mini a matsayin rabuwa. Saurayin nan daga baya ya kira, mahaifinsa ne ba lafiya. Mun rabu bayan shekara guda a kan wani dalili dabam, ƙawata ta ce ai kati ya faɗa. Da aure muka yi, da cewa za ta yi na saki tsohuwar damuwa. Ko ta ina aka jefa shi a tsaye yake faɗuwa.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yadda yake shiga jiki. Wata biyu na yi ina zara, da sunan wasa. Na wayi gari ko kiran gida zan yi sai na ji ina son in fara leƙawa. Ita kuwa ƙawata ranar jarrabawa takan zara, in bai yi mata ba ta mayar ta sake, har sai Kamala ta fito. Na ce mata to ai ke kike zaɓa, ta yi dariya, amma ba ta daina ba.

Maganar madubi kuma, ki lura da tambayar da ake yi. In ana cewa "zai aure ni?" ko "in tafi ko in zauna?", an bar madubi an shiga gaibu. Larabawan jahiliyya suna da kibau da ake kira azlam, ɗaya a rubuce "yi", ɗaya "kada ka yi", ɗaya babu komai, a zara daga jaka. Suratul Ma'ida ta hana su a aya ta 3 da ta 90. Ban ga bambancinsu da wannan ba sai kyan fenti. Ga kuma hadisin da Muslim ya ruwaito, cewa wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi wani abu ba za a karɓi sallarsa ta dare arba'in ba. Da a ce mai bugun ƙasa ne ya shimfiɗa yashi a ɗakinki, ko mai wuri, ai ba sai kin tambaye mu ba. Sauran bayanin hukunci ki nemi malami, ni iya abin da ya same ni na faɗa. Na yi istigfari, na koma istihara, raka'a biyu da addu'a da kaina, ba wadda ake biyan wani ya kwana ya yi mafarki ba.

Ƙawar taki kada ki yi faɗa da ita, da zuciya ɗaya ta yi miki. Ni ce wa tawa na yi addinina ya hana ni, kamar yadda nata ya hana ta naman sa, kuma nan take ta gane. Mun ci gaba da zama lafiya har muka gama, har yau muna gaisawa a WhatsApp. Katunan ma daga baya kakarta ta tafi da su Kolkata a ƙulle cikin jan ƙyallen nan, ta ce za ta kai su kogi.