Filafilina yana tsagewa, hannuna kuma ya cika da bororo

Tambaya: Baba kafinta, ina kamun kifi a madatsar Lagdo ta ƙasar Kamaru. An sassaƙa min filafili na maɗaci, na shafe shi da banish tun daga kai har ƙasa. Wata uku ke nan, bakinsa ya fara tsagewa, kuma in ya jiƙe sai ya riƙa zamewa yana ta da min bororo. Me zan yi?

Amsa: Ɗana, icen ba shi da laifi, maɗaci yana jure ruwa. Kuskuren shi ne ka yi wa filafilin magani ɗaya, alhali aikinsa biyu ne. Faffaɗan gefen yana fama da ruwa da yashi, mariƙin kuwa da tafin hannunka yake hulɗa. Banish yana yin fata a bayan ice, in gumi ya hau ta sai santsi, sai ka ƙara damƙa, daga nan bororo ke zuwa.

Kankare tsohon banish ɗin duka da sanfefa mai lamba 80, ka bi da 120. Sai ka goga jiƙaƙƙen tsumma, ka bar shi ya bushe. Shafa yatsa za ka ji ya yi gashi-gashi; wannan gashin ne ke cin hannu a kan ruwa. Kwantar da shi da 220, kana bin tsawon icen.

Mariƙin mai yake so, kuma man lin dafaffe (wato linseed, man shafa wa ice) da ake samu a shagunan kayan gini na Garwa shi na fi yarda da shi. Shafa shi siriri, ka jira kamar minti ashirin, ka goge abin da icen bai sha ba har hannu ya daina ɗanko. Ka ba shi kwana guda, ka sake, sau uku ko huɗu. Man gyaɗa ba ya bushewa, sai ya yi wari. Baƙin man inji kuwa, don Allah ka bar shi, yana ɓata fata, yana ɓata ruwan da kake ci a cikinsa. Tsumman da ya sha man lin kada ka dunƙule shi ka jefa a lungu, yana iya kama wuta da kansa. Shanya shi a fili.

Faffaɗan gefen za ka iya mayar masa da banish, shafi uku. Bakin da ke dungurar dutse kuma ka cika tsagar da gam mai ƙarfi na Araldite, ka lulluɓe bakin da shi, amma sai icen ya bushe ƙayau tukuna, kafin mai ya taɓa wurin.

Tsagewar dai yawanci daga ajiya take. Ka fito ruwa ka yar da shi a rana, ga iskar hunturu, waje ya bushe ciki na jiƙe. Rataye shi a inuwa, nesa da ƙasa saboda gara, in ka ga mariƙin ya fara fari ka ƙara masa mai.