Ganga, buhu ko igiya: da me zan tsare abincina daga beyar a dajin Yosemite?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a jihar Kalifoniya ta Amurka. Ni da abokaina biyu mun samu takardar izinin shiga dajin Yosemite a watan Agusta, za mu yi kwana huɗu muna tafiya a ƙafa, kowa da jakarsa a baya. An ce mana sai mun tanadi abin ɓoye abinci saboda beyar. Na je shago na ɗaga 'yar gangar robar nan da ake sayarwa, na ji ta da nauyi, ga tsada. A intanet kuma na ga wani buhu mara nauyi mai suna Ursack, wasu ma igiya kawai suke jefawa a reshe su rataye abincin. Wanne ya kamata in saya?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba da sa'ar karatu. Tun da Yosemite ka ce, to hukumar gandun dajin ta riga ta yanke maka hukunci. Duk wanda zai kwana a cikin dajin sai da ganga mai tauri daga cikin waɗanda suka amince da su. Rataye abinci a bishiya haramun ne a dokarsu, Ursack kuma ba ya cikin jerin da suka yarda da shi. Wanda aka kama ya saɓa, ana iya ƙwace abincinsa, a soke izininsa, tarar kuma tana iya kaiwa dala 5,000. Ma'aikatan dajin sukan tare mutum a kan hanya su ce ya nuna takarda da gangarsa. Saboda haka abin da ya rage maka ka zaɓa shi ne wace ganga, kuma guda nawa.

Amma bari in ɗan tsaya a kan igiyar, don na san ranka na can. Rataya tana da ƙa'ida: buhun ya yi sama da ƙasa kamar mita 4, ya nisanci gindin bishiyar kamar mita 2, a kan reshen da zai ɗauki buhu amma ba zai ɗauki beyar ba. Ka je ka nemi irin wannan reshen da magariba, bayan ka yini kana hawan dutse, a wurin da bishiyoyin duk gajeru ne. Ko ka samu, baƙar beyar gwanar hawa ce. Ta Yosemite kuwa ta daɗe da gane cewa inda igiya take, nan abinci yake. Takan tsinke igiyar da haƙori, ko ta karya reshen, ko 'ya'yanta su hau inda ita ba za ta iya ba. Shekara da shekaru ana wannan wasan ɓuyan da ita, ita ke cinyewa, shi ya sa aka hana.

Shi buhun Ursack ba shirme ba ne. Da wani zare mai matuƙar ƙarfi ake saƙa shi, haƙori da farce ba sa keta shi cikin sauƙi, nauyinsa bai kai rubu'in na ganga ba. Akwai wani kwamitin haɗin gwiwar hukumomin Amurka mai kula da babbar beyar da ake kira girizili, sunan kwamitin IGBC, an kafa shi a 1983. Su ne ke gwada irin waɗannan kaya a wata cibiya da ke garin West Yellowstone na jihar Montana. Sai a cika mazubin da abinci mai ƙamshi a jefa wa girizili na gaske, in ya jure awa guda ana taunarsa ana bugunsa bai buɗe ba, ya ci jarrabawa. Wasu samfuran Ursack sun ci. Matsalarsa ita ce buhu ne. Beyar ba za ta yaga shi ba, amma za ta kwanta a kansa ta yi ta tauna har shinkafarka da sukarinka da man gyadarka su zama tuwo ɗaya mai yawu, in wani abu ya fashe kuma ta tsotse ta jikin yadin. Ta ɗanɗana ke nan, gobe za ta dawo. Sannan sai ka iya ɗaurinsa sosai a jikin bishiya. Akwai dazuzzukan da suka yarda da shi, in wata rana za ka can, ka saya. Tambarin IGBC ba ya nufin kowane gandu ya amince, kowanne da nasa jerin.

Yanzu gangar. Dabararta mai sauƙi ce: ta fi bakin beyar faɗi, jikinta sumul, ba hannu, ba wurin da farce zai kama. Iri uku za ka fi cin karo da su. Akwai Garcia, baƙa, tsohuwar hannu, tana ɗaukar kamar lita 10, nauyinta ya ɗan haura kilo 1, da tsabar kuɗi ake murɗa makullan murfinta. Bakinta matsattse ne kuma ba ka ganin ciki, in kana neman ganyen shayi sai ka zazzage komai a ƙasa. Akwai BearVault, wadda ake hango cikinta, bakinta da faɗi. Babbarta, BV500, lita 11.5 ce, ƙaramar BV450 kuma ta ɗan haura lita 7. Murfinta murɗawa ake yi ana danna wasu 'yan haƙora, da asuba in sanyi ya kama yatsu sai ka yi ta fama, har ka nemi bakin cokali ka danna. Sai Bearikade, wadda ta fi su rashin nauyi, amma kuɗinta ya ninka nasu sau da yawa. Wannan ta masu doguwar tafiya ce, irin waɗanda ke bin hanyar John Muir mai tsawon kusan kilomita 340 daga kwarin Yosemite zuwa dutsen Whitney. Ɗalibi mai kwana huɗu, me zai kai shi?

BearVault tana da wani tarihi mai ban dariya. A tsaunukan Adirondack na jihar New York an yi wata baƙar beyar da ake kira Yellow-Yellow, saboda alamu masu ruwan ɗorawa da aka maƙala mata a kunnuwa biyu. Ita ce ta gano yadda ake danna haƙoran murfin da haƙorinta ta murɗe. Kamfanin ya sake fasalin murfin, ta sake buɗewa. Wani mafarauci ne ya harbe ta a 2012. Har yau masu shiga wancan yankin ana ja musu kunne game da wannan gangar, alhali a Yosemite tana cikin waɗanda aka amince da su.

Shawarata, kada ka sayi komai tukuna. A ofishin da za ka karɓi takardar izininka ana ba da hayar ganga a kan kuɗi kaɗan, sai ajiyar da za a mayar maka in ka dawo da ita lafiya. Galibi Garcia ce. Yi wannan tafiyar da ta haya, in ka dawo ka ji dajin ya shiga ranka, sannan ka ɓarar da kuɗinka.

Inda mutane suka fi faɗuwa shi ne lissafin girma. Abincin mutum ɗaya na yini, in busasshe ne an matse shi da kyau, yakan ci lita ɗaya da rabi zuwa biyu. Na ranar farko ba sai ya shiga ba, tunda kafin ku kwanta kun cinye shi. Kwana huɗu a daji yini biyar ne, a ragowar yini huɗun kowa na bukatar kamar lita 6 zuwa 8, ku uku lita 18 zuwa 24 ke nan tun ba a zo kan tarkace ba. Tarkacen kuwa su ne duk wani abu mai ƙamshi ko wari: man goge baki, sabulu, man shafawa, man leɓe, maganin sauro, har da shara, ledar biskit da gwangwanin kifin da kuka sha. Mu kuma muna da namu ƙarin. 'Yar kwalbar turaren da ba ka rabuwa da ita, cikin ganga za ta kwana, in ma ka bar ta a gida ya fi. Kilishi, dambun nama, ƙuli-ƙuli, dabino, garin kwaki, duk guzuri ne na ƙwarai don ba sa lalacewa kuma ba sa cin wuri, amma yajin kilishi kai ma kana jinsa daga ƙofar ɗaki, balle dabbar da ta fi kare hanci. Ganga ba ta hana ƙamshi fita, buɗewa kawai take hanawa. Ni dai da ni ne ku, kowa ya ɗauki tasa. Guda biyu ga mutum uku sai an yi dambe da murfi.

Na taɓa yin wannan kuskuren. Daren farko a bakin wani tafki, na cusa na cusa, burodi guda da ledar gyada suka ƙi shiga. Haka na zauna a kan dutse cikin duhu da tocila a goshi ina tura burodi ba shayi, cikina a cike, don ba inda zan kai shi. Tun daga ranar nake gwada shiryawa a gida. Ku cire komai daga kwalinsa ku zuba a ledoji masu zif, ku matse iskar, ku bar taliya mai rami da burodi mai kumburi, ku ɗauki kuskus da gurasar nan mai faɗi da ake naɗewa. Abincin ranar ƙarshe a ƙasa, na gobe a sama.

Da dare kuma, rufe murfin har sai ya kulle, ko da minti biyu za ka juya baya. Kai gangar nesa da tanti, tazarar da ma'aikatan suka faɗa maka lokacin karɓar izini, ka ajiye ta a ƙasa a wuri mai shimfiɗa. Kada ka ɗaura mata igiya ko ka bar ta cikin jaka, ka ba beyar hannun ɗauka ke nan. Kada ka ajiye ta kusa da gangare ko rafi, don za ta yi ta mirgina ta kamar ƙwallo, da safe ka tarar karin kumallonka na can ƙasan kwazazzabo. Wasu kan ɗora tukunya a kai don ƙarar ta tashe su. In ta zo, baƙar beyar ce, Kalifoniya ba sauran girizili sai wadda ke jikin tutar jihar. Ku taru ku yi ihu ku buga tukwane daga nesa, amma in ta riga ta samu wani abu, kada wanda ya je ƙwata.

Duk wannan wahalar don beyar ɗin ake yi fiye da don guzurinka. Wadda ta saba da abincin mutane takan daina tsoronsu, ta fara shiga tantuna da fasa motoci, ƙarshenta hukuma ta kashe ta. Maganar mota ma ta tuna mini: kada ku bar ko cingam a cikin motarku a wurin ajiye motoci. Akwai akwatunan ƙarfe a bakin hanyar shiga daji, ku zuba ragowar kayan ƙamshi a ciki kafin ku ɗau hanya. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.