Malam, kada ka rubuta takardar ajiye aikin nan tukuna

Assalamu alaikum. Malam, sau uku na karanta tambayarka jiya da daddare bayan na tashi aiki, kuma wallahi sai da gabana ya faɗi, don kamar labarina ka ɗauko ka rubuta. Ka ce shekararka 17 kana jan bas mai hawa biyu ta dizal a Landan ba ka taɓa kayar da kowa ba, garejinku ya koma na lantarki, aka ba ku horon yini ɗaya, a sati na biyu wani fasinja ya faɗo daga matakala, yanzu an aiko maka da takardar kira ofis. Kana tambaya ko ka ajiye aikin da kanka kafin su kore ka, ka koma tasi. Don girman Allah kada ka ajiye. Ka saurare ni tukuna.

Ni a 2002 na fara, don haka na riski Routemaster, tsohuwar bas ɗin nan mai kwandasta, a shekarunta na ƙarshe. Waɗanda suka ja ta a cikinmu sun sani, ta waje kake hawa, ka shige ɗan akurkin nan na gaba kai kaɗai, inji na gefen hagunka yana gurnani, zafinsa na dukan ƙafarka. Babu ruwanka da fasinja. Kwandastana wani dattijo ne ɗan Jamaika, Allah ya saka masa, shi ne idona na baya. Ƙararrawa ɗaya tsaya, biyu tafi. Ba zai taɓa buga biyun nan ba sai ya ga tsohuwa ta zauna, mai ciki ta kama ƙarfe. Ranar Juma'a 9 ga Disamba 2005, da ta ƙarshe a layin 159 ta shiga garejin Brixton, akwai direbobin da suka yi hawaye. Ni ban ga laifin cire ta ba, motar da aka fara aiki da ita tun 1956, mai keken guragu ba ya iya shiga, ga mutane na faɗowa ta buɗaɗɗen bayan nan. Amma tun daga ranar aikin mutum biyu ya dawo kan mutum ɗaya, kuma har yau ban ji wanda ya zauna ya yi wannan lissafin ba.

Abin da ya riƙa rufa mana asiri duk shekarun nan shi ne nauyin jikin injin dizal. Ka taka totur, sai ya ɗan yi jim, ya ja numfashi, giya ta kama, sannan mota ta motsa. Wannan ɗan jinkirin shi ne ke ba mai hawa matakala damar kama ƙarfe. Ƙafarka ta saba da shi shekara da shekaru ba tare da ka sani ba. Ta lantarki ba ta da wannan. Kana taɓawa ta ba ka ƙarfinta gaba ɗaya, babu canjin giya, babu ƙarar da za ta gaya maka ka yi yawa. In kuma ka ɗage ƙafa farat ɗaya, sai ta riƙe kanta da kanta, don a lokacin ne take mayar da wuta cikin batir. Wanda ke tsaye sai ya yi baya, ya dawo ya yi gaba. Ba hannunka ne ya lalace ba, Malam. Motar ce daban.

Nawa ya faru ne a watan Fabrairu na 2022, kwana na uku da fara jan ta. Safiya ce, ana yayyafi, na makara da minti tara, mai kula da layi ya kira ni ta oba-oba har sau biyu yana cewa ta bayana ta kusa kamo ni. Wata tsohuwa Baturiya ta shigo da ɗan keken cefanenta. Ta taɓa katinta, ta yi mini murmushi, ta wuce. Na duba madubin ciki, na ga hannunta ya doshi ƙarfe. Na ɗauka ta kama. A tsohuwar motata da ta kama ɗin, don da sauran daƙiƙa guda kafin mu motsa. Na saki birki na taka kamar yadda na saba takawa shekara ashirin.

Ƙarar nan har yanzu tana kunnena. Kuma da yake motar shiru take, babu abin da ya ɓoye mini ita. Na ji kanta ya bugu da gefen kujera, na ji gwangwanayenta suna gangarawa har ƙarshen mota, ɗaya bayan ɗaya. Na ja birkin hannu, na fito jikina na rawa. Jini na zuba daga girarta, tabaranta ya karye gida biyu, wuyan hannunta ya lanƙwashe yadda bai kamata ba. Na cire rigar sanyina na tallafe mata kai. Wani matashi daga sama yana ta zagina yana ɗaukana da waya. Ita kuwa baiwar Allah haƙuri take ba ni, wai ta ɓata wa mutane lokaci. Sa'ar mahaifiyata ce. Minti ashirin da wani abu muna jiran motar asibiti ina durƙushe a jiƙaƙƙen daɓen nan, ba abin da nake iya faɗa sai innalillahi. Da na koma gida ban iya cin abinci ba. Uwargida ta yi tambayar duniyar nan na ce mata gajiya ce. Kwana huɗu ina ɓoye mata, kuma wannan kuskure ne, kada ka yi irinsa.

Amma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne zaman ofis. Manajan da ya zauna da ni yaro ne, ban yi zaton ya taɓa riƙe sitiyarin bas da fasinja a ciki ba. Ban ƙi shi don ƙuruciyarsa ba. Na ƙi yadda bai ɗago ya dubi fuskata ba tun shigata har fitata. Ya juyo mini da kwamfuta, ya kunna hoton kyamara, ya tsayar daidai inda take faɗuwa, ya mayar baya, ya sake kunnawa. Sau biyar. Na ce masa na gani, ina wurin. Ya sake kunnawa. Sannan ya zaro takardar horo ya nuna mini sa hannuna, ya ce ai na amince an koya mini motar. Na ce masa mu shida aka zuba a mota ɗaya babu fasinja, kowa ya zagaya unguwa, nawa rabon bai kai minti arba'in ba. Ya ce amma na sa hannu. Na ce masa shekarata ashirin babu tabo ko ɗaya a fayil ɗina. Ya ce ba tarihi muke dubawa ba, ranar muke dubawa. Wallahi Malam na fito ofishin nan ina ji kamar an tuɓe ni a kasuwa. Mutumin da ya kira ni ta oba-oba yana azalzalata kuwa, ko sunansa ba a ambata ba. Gargaɗin ƙarshe aka ba ni. Har yau in na hango manajan nan a harabar gareji sai na ji wani abu ya tokare mini ƙirji, na yi ta roƙon Allah ya cire mini, bai gama fita ba.

Ni kaɗai na shiga, shi ya sa aka yi mini haka. Kunya ce ta hana ni neman wakilin ƙungiya, ina ganin kamar tonon asiri ne. Kai kada ka taka ƙofar nan kai kaɗai. Dokar ƙasar nan ta 1999 ta ba ka damar shiga zaman ladabtarwa da wakilin ƙungiyar ƙwadago ko abokin aiki, kuma in wanda ka zaɓa ba zai samu zuwa ba, kana iya neman a ɗaga zaman har kwana biyar na aiki. Ka nemi a ba ka hoton kyamarar da takardun horonka tun kafin ranar, kuma a rubuce ka nema. Ni da na ɗaukaka ƙara, tambaya ɗaya wakilinmu ya yi ta maimaitawa: minti nawa wannan direba ya yi a kan sitiyari kafin a ba shi fasinja? Ba su da amsa. Ashe mu huɗu ne muka kayar da mutane a watan. Aka sauke gargaɗin, aka mayar da mu horo tare da malamin tuƙi a cikin mota. Daga baya ma sai da injiniyoyi suka rage wa motocin zafin tashi.

Yau ɗin nan ka zauna ka rubuta duk abin da ka tuna, lokaci, yanayin hanya, ko an kira ka, me aka ce maka. Mantuwa na zuwa da wuri.

Batun ƙafa kuma, abin da ya taimake ni: dunduniya a ƙasa, kada ta tashi. Ka taka kamar akwai ƙwai a ƙarƙashin takalminka. Na daina saka takalmi mai kaurin ƙasa gaba ɗaya. Idan za ka tsaya, tun daga nesa ka fara sassauta totur a hankali, kada ka ɗage gaba ɗaya, ka bar motar ta rage gudunta, birki a ƙarshe. Ni yanzu bayan na rufe ƙofa sai na yi bisimilla cikakkiya a zuciyata ina kallon allon kyamarar matakala, sannan na motsa. Ita ce ta zame mini ƙararrawar dattijon nan. In an kira ka an ce ka makara, ka ce ka ji, ka ci gaba da tafiyarka. Ba a korar mutum don minti tara. Kuma in ka ji wata mota na fizga fiye da 'yan uwanta, ka rubuta a takardar duba mota ta safe, ka ɗauki hoton takardar da wayarka. Direbobi da yawa suna gunaguni a ɗakin shan shayi amma ba sa rubutawa, ranar da abu ya faru sai a ce ba wanda ya taɓa kawo ƙorafi.

Ka kula da masu tafiya a ƙasa da masu keke. An saka wa motocin wannan ɗan sautin da ke fita idan suna tafiya a hankali, wanda aka fara gwadawa a layin 100 a farkon 2020 saboda makafi, amma wanda ya toshe kunne da waya ba ya ji. Da hunturu kuma ka riƙa duba cajinka kafin ka fita, don hita na shan batir sosai. In ka ga ba zai kai ka ba, ka faɗa tun da wuri ta oba-oba don ya shiga rikodin. Kada ka kashe wa fasinja hita ka daskare kanka don ka rufa wa wanda bai jona motar da daddare ba asiri.

Maganar tasi kuwa, ina za ka gudu? Tun Janairun 2023 duk motar haya da za a yi wa lasisi karon farko a Landan sai mai iya tafiya da lantarki, baƙaƙen tasi ma tun 2018 haka ne. Za ka bar fanshonka da hutunka da albashin da ka san ranar shigarsa, ka ɗauko bashin mota a wannan shekarun naka? Canza gareji ma ba zai fisshe ka ba. A Disambar 2013 na lantarki guda biyu kacal aka fara da su a layin 507 da 521. A 2019 layin 43 da 134 suka koma masu hawa biyu na lantarki. A 2025 marasa hayaƙi sun haura 2,000, kuma TfL, hukumar sufurin Landan, ta ce nan da 2034 duka za su koma. Duk inda ka je za ta iske ka. Na san abokai biyu da suka tafi cikin fushi, ɗaya ya dawo bayan wata takwas, aka ɗauke shi a matsayin sabon shiga, albashin farko, hutun da kowa ya ƙi shi ake ba shi.

Kuma zan gaya maka gaskiya, duk da abin da ya same ni, yau ko an ce in koma dizal ba zan koma ba. Ka tuna gareji da ƙarfe huɗu na asuba lokacin sanyi, an tayar da injuna sittin a ƙarƙashin rufi ɗaya, hayaƙi shuɗi har ba ka ganin ƙarshen layi? Shekaru ina fama da tari, in na fyace hanci baƙi ne ke fita, in na yi alwala a ɗakin hutu ruwan kurkurar baki ɗanɗanon gas yake. Yanzu babu. Karkarwar da ke bi ta kujera ta riƙe mini ƙugu ta ragu, ina komawa gida kunnena ba ya shuu. Da azumi ma na ga bambanci, ciwon kan la'asar ɗin nan ya yi sauƙi. Kuma duk sanda na bi ta titin South Circular sai na tuna yarinyar nan Ella ta Lewisham, 'yar shekara 9 da asma ta kashe a 2013, wadda binciken 2020 ya tabbatar gurɓatacciyar iska na cikin sanadin mutuwarta. 'Ya'yanmu ma iskar nan suke shaƙa. Ba motar nake jin haushi ba. Waɗanda suka sayi mota ta maƙudan kuɗi suka kasa ba direbanta kwana uku ya koye ta nake jin haushi.

Ba ka faɗa mana halin da fasinjan yake ciki ba. Allah ya ba shi lafiya. Na san shi ne ke hana ka barci, ba takardar ba. Tawa tsohuwar bayan kusan wata biyar ta sake shiga motata, hannunta da ɗan bandeji. Ban san ko ta gane ni ba. Na jira har ta zauna ta gyara kekenta tsakanin ƙafafunta, na bayana yana ta danna mini oda.

Ka gaya wa iyalinka yau, kada ka kwana da shi kai kaɗai. Ka kira wakilin garejinku da safe. In kuma bai samu dama ba, ka nemi ɗagin kwana biyar ɗin nan, ka turo mini ranar da aka sa ta saƙon sirri. Laraba da Alhamis ina hutu, zan zo mu zauna mu bi takardunka ɗaya bayan ɗaya kafin ka shiga.